Yadda Sunan Ɗiyata Ya Bi Hanya Zuwa Goronyo

A Birnin Ƙonni na fara sanin na bar gida. Ba nisa ba ne, domin mutum zai iya karyawa a Goronyo ya yi sallar la'asar a can. Hausar ma tamu ce. Amma wani jandarma ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya yi mini tambaya da Faransanci, na tsaya ina kallon bakinsa. Na haura shekara arba'in a lokacin, ban taɓa kwana a garin da ban san mai unguwarsa ba.

Sunana Lawali. Manomin albasa ne ni, a gonakin da ke shan ruwan dam na Goronyo. Lokacin da na yi wannan tafiya ban iya rubuta ko sunana da boko ba. Sai yanzu da nake zuwa ajin manya a Wurno hannuna ya fara sakewa, shi ya sa na ce bari in ajiye labarin kafin ya dushe.

Shekarar da na fita, gonar kusa ba ta ba da abin kirki ba, ta nesa kuma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. Na bar matata Luba da ciki, bayan mun daɗe muna jira har mutane sun daina yi mana addu'ar haihuwa a gabanmu, don kada su tuna mana. Mahaifiyarta, wadda take kira Inna, ta rasu a daminar da ta wuce. Kafin in tafi na yi wa Luba alkawari, mu biyu kaɗai a ɗaki, cewa in mace ce sunan mahaifiyarta za a sa mata. Ta gyara ɗankwalinta ta fita tsakar gida.

A tashar Ƙonni na haɗu da mutumin da ya cuce mu. Yana da farin gilashi da tattausar murya, kuma ba ya fara magana sai ya yi salati. Ya ce akwai gonaki a Aljeriya masu injin ban ruwa, ana neman waɗanda suka san noman rani. Ya kama hannuna ya duba kanta, ya ce, "Irinku ake nema, Malam." Na ji daɗi. Ni da wasu mutane muka ba shi abin da ya nema, muka hau mota.

A Tawa zazzaɓi ya kama ni. Motar ta lalace, muka yini a tasha, ni ina kwance a gindin bango ina rawar sanyi cikin rana. Wata tsohuwa mai fura ta zo ta tsaya a kaina.

"Ɗan nan, ka ci wani abu yau?"

Na ce na ci. Ta dube ni, ta dama fura a ƙwarya ta ajiye kusa da kaina. Da na sa hannu aljihu sai ta ɓata rai.

"Nawa ɗan yana can Libiya," ta ce. "Sha."

Ban san sunanta ba har yau.

A Agadas mai farin gilashi ya kai mu wani gida, ya ce mu jira, zai je ya karɓo takardu. Muka jira. Da aka kwana biyu mai gidan ya zo ya ce shi bai san da zamanmu ba, ya fitar da kayanmu ya sa kwaɗo. Matasan da ke cikinmu suka yi ta zagi, wasu suka bazama nemansa cikin gari. Ni na ɗauki jakata na koma tasha. Na ga fushi ba zai ba ni wurin kwana ba.

Na yi dako a tashar, ina kwana bayan rumfar wani tsohon Buzu mai shayi, Baba Ahmudu. Bai taɓa tambayata abin da ya kawo ni ba. Da safe sai ya tura mini ƙaramin kofi da ƙafarsa, kamar ba shi ya yi ba. Shi ne ya gaya mini wani kamfani yana ɗaukar masu haƙa a hanyar Arlit.

"Ka iya haƙa rami?"

"Baba, tun ina yaro nake haƙa hanyar ruwa."

"To wannan ba ruwa. Amma rami rami ne."

Aikin shi ne a haƙa dogon rami a gefen titi, a shimfiɗa kebul, a binne. Cikin kebul ɗin akwai zaruruwa na gilashi, sirara kamar gashi. Muna kwana a tanti, muna matsawa arewa kaɗan-kaɗan. Ba itace, ba tsuntsu. Abin da na fi kewa ba abinci ba ne, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, lokacin da aka buɗe ƙofar ruwa da sassafe ya fara bin kunyoyi. Ashe ma hannuna bai daina nema ba. Wata rana injiniyan da ke duba aikinmu ya tsaya a kan ramina, ya sunkuya, ya fashe da dariya.

"Kai, wa ya ce ka yi masa gangare?"

Na duba. Gaskiya ne. Ban sani ba, ina ta karkata gindin ramin don ruwa ya samu ya gudu.

Sunansa Sumana, Bazabarme ne daga Doso, kuma na girme shi nesa. Da ya ji daga inda na fito ya ce duk ɗan Goronyo Bagobiri ne, Bagobiri kuwa abokin wasansa ne. Daga ranar ya daina kirana Lawali, sai Goronyo. A kusa da motarsa kaɗai ake samun sabis, saboda wata na'ura da ke kanta, kuma yakan bar mu mu matso da wayoyinmu lokacin hutun rana. Nan nake aika saƙon murya zuwa wayar wana, Yaya Sani, shi ya kai wa Luba ta ji.

Wata rana muna shan shayi a inuwar motar na tambaye shi.

"Injiniya, wai da gaske magana ce za ta bi ta cikin wanga zare?"

"Magana, hoto, har faɗan da matarka za ta yi maka in ka daɗe."

"Luba ba ta faɗa."

"To ka yi sa'a, Goronyo. Matso ka gani."

Ya share yashi da tafin hannu ya ɗora tsakuwoyi. Ya ce in na yi saƙon murya, waya ba ta aika shi ɗungurungum. Yanka shi take yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da lambarsa, da adireshin inda za shi, da na inda ya fito. A hanya kuma akwai akwatuna, rauta suke ce musu. Ya taɓa tsakuwa ɗaya.

"Wannan ba ta san hanyar duka ba. Maƙwabtanta kawai ta sani. Saƙo ya zo, ta duba adireshi, ta ce wannan kudu za shi, ta miƙa wa ta gaba. Shi ke nan aikinta."

"Kamar ƙofofin ruwanmu ke nan."

"Ka kusa. Amma ruwa gangare kawai ya sani, in ka toshe masa sai ya tsaya ya yi kududdufi. Waɗannan in hanya ta yanke suna gaya wa juna, sai a bi wata. Yankin farko na iya bi ta nan, na biyu ta can. In sun isa, wayar yayanka ta jera su bisa lamba, ta aiko cewa ta samu. In ba ta aiko ba, a sake turawa."

Na tambaye shi yadda akwatin Nijar ke jin maganar na Najeriya. Ya ce kamfanoni daban ne, ƙasashe daban, amma duk sun yarda da ƙa'ida ɗaya ta rubuta adireshi da miƙa saƙo, shi ya sa ba jandarma a tsakaninsu. Ya ƙara da cewa muryata tana iya zuwa Yamai, ta gangara Kwatano, ta shiga ƙarƙashin teku, ta fito Legas, sannan ta hauro Sakkwato.

"Sakkwaton da ke nan bayanmu?"

"Ita."

"Ashe muryata ta riga ni ganin teku."

Bayan wani lokaci saƙonnina suka daina isa. In na tura sai su tsaya, ba alamar an karɓa. Muka ji a rediyo cewa an rufe sabis a yankinmu saboda 'yan bindiga: Goronyo, Wurno, Rabah, duk shiru. Na kai wa Sumana wayata na ce ba shi ya ce in hanya ta yanke ana bin wata ba? Bai yi wasa ba a ranar. Ya ce hanyoyin suna nan har Sakkwato, amma daga can an kashe na ƙarshe, ba maƙwabcin da za a miƙa wa. Watan haihuwar Luba ke nan.

Ranar wata Asabar, da hutun rana, wayata ta yi ƙara. Alhaji Modi ne, dillalin albasa a Sakkwato, wanda ya yi ciniki da mahaifinmu kafin mu. Dattijo ne da ba a taɓa jin ya saɓa magana ba.

"Lawali? Tun jiya nike nemanka. Albishirinka."

"Goro, Alhaji."

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal."

"Luba ta sauka lahiya ran Alhamis. Ɗiya mace. Direban da yak kawo min kaya shi yaf faɗi."

Na zauna a ƙasa. Na yi hamdala, na sake yi. Sannan hankalina ya dawo kan abin da ke gabana. Alhamis mai zuwa ce suna. In ba a ji daga bakina ba, Yaya Sani zai sa sunan goggonmu, kamar yadda ake yi wa 'yar fari a gidanmu, kuma ba zai yi laifi ba, don bai san da alkawarin ba. Luba kuwa ba za ta buɗe baki ta ce wa wan mijinta a sa sunan uwarta ba, ko da za ta haɗiye abin har ƙarshen ranta. In liman ya faɗa, aka yanka rago, magana ta ƙare.

A wurinmu ba a fitar da suna kafin ranar. Uba ne ke raɗa wa liman, liman ya sanar. Saboda haka na ja gefe, na kare baki da hannu, na faɗa wa Alhaji sunan a hankali.

"Alhaji, amana ce na ba ka. A kunnen Yaya Sani kaɗai."

"Na ɗauka," ya ce. "Da ƙafata zan kai."

Na koma rami da sauƙin zuciya. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, ban ji komai ba. Ran Talata na kira shi.

"Ban tahi ba tukuna," ya ce. "Motata na gareji, mai ya yi wuya, ga ƙafar nan tawa ta kumbura. Gobe in Allah ya so."

"Alhaji, ba mai zuwa gabas?"

"Direbobi na tahiya kullum."

"To ai sai a ba ɗaya daga cikinsu."

"Haba Lawali! Sunan ɗiya ne fa, ba buhun albasa ba. Kai da bakinka kac ce amana. In ba direba, shi yi ta shela cikin mota?"

Ba a jayayya da dattijo irinsa, kuma abin da ya faɗa haka muka taso muka tarar. Wanda aka ba saƙo shi ke kaiwa. Na yi masa sannu da ƙafa na kashe waya.

Sumana ya ga fuskata ya tambaya, na gaya masa. Ya kurɓi shayinsa.

"Mu dai, akwatin da ya riƙe saƙo bai miƙa ba, komai kyansa, cire shi muke yi."

Maganar ta ɓata mini rai. "Alhaji ba akwati ba ne."

"Na sani. Ya fi akwati, shi ya sa ya riƙe. Akwati ba ya jin kunya." Ya ajiye kofin. "Goronyo, ni ban san al'adarku ba. Amma me ka fi so, a ɓoye sunan ko a sa shi?"

Na ɗauki digata na koma. Duk yammacin ina haƙa ina juya maganar. Na ga ni na ɗaure Alhaji, don haka ni kaɗai zan iya kwance shi. Na tuna Luba tana zaune a ɗakin jego, mata na shiga suna fita, tana jira ta ji ko maganar da na yi mata magana ce. Kunyar a san suna kafin lokaci ta kwana ɗaya ce.

Da sassafen Laraba, kafin a fara aiki, na roƙi Sumana ya kunna na'urar. Na kira.

"Alhaji, an tashi lahiya? Ya ƙafa?"

"Ta ƙi, Lawali. Ko masallaci da sanda na tahi."

"Allah shi sawwaƙe. Alhaji, amanar nan na sauke maka ita. Allah ya gani ka riƙe. Yanzu wata nike so in ɗora maka."

"Ina ji."

"Kada sunan nan shi kai azahar a hannunka. Ka ba duk wanda za shi gabas. Ka ce daga Lawali, zuwa ga Sani, gidan da ke bayan ƙofar ruwa, kusa da masallacin masu albasa. In motarsa ba ta kai can ba, shi ba na gaba, shi ma shi ba na gaba. Kuma ka ba mutum biyu, ɗaya ta Wurno, ɗaya ta Rabah."

"Biyu kuma? Don mi?"

"In wata hanyar ta ƙi, wata ta yi. Wanda ya kai kuma shi aiko a ce an samu."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Kai ɗan nan, zaman hamada ya taɓa ka. Ubanka da na raye da ya ci maka."

"Da ya ci, Alhaji. Amma ka yi min."

"To. Tonon asirin a wuyanka, ba nawa ba." Sai na ji ya ɗaga murya: "Kai! Kira min direban Wurno kafin shi cika!"

Ran Alhamis na tashi na yi wanka na sa rigata mai kyau, sannan na cire ta na sa ta aiki. Na sayi dabino wurin mai kawo mana ruwa na raba wa mutanen tanti. Suka yi addu'a, suka tambayi suna, na ce sai an aiko. Na san a daidai wannan lokaci an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, an ɗaure rago a gindin darbejiya, an faɗi wani suna. Wanne ne, ban sani ba. Na shiga rami na yi haƙata. Sumana bai tsokane ni ba duk yinin.

Amsa ba ta zo ba ranar, ba ta zo ba washegari. Sai cikin mako na gaba wayata ta yi ƙara da lambar Alhaji, amma muryar Yaya Sani ce. Ya shigo Sakkwato da kansa.

"Lawali, kai wane irin mutum ne?"

"Yaya, bai iso ba?"

"Bai iso ba? Tambayi wanda bai ji ba!"

Ya ba ni labari yana yi yana dariya. Direban Wurno ya ji tsoron mantuwa, sai ya sa fasinjojinsa su riƙa tuna masa. A Wurno aka ce mota ba ta wucewa da yamma, sai ya ba wani mai sayar da irin albasa da zai tafi a keke. Mai keke ya kwana a hanya, da asuba ya ba mai gadin ƙofar ruwa. Mai gadi kuwa ba ya barin ƙofarsa in an saki ruwa, sai ya tsaya a bakin kwata ya ƙwala wa masu ban ruwa na ƙetare, su kuma suka ƙwala wa na gaba.

"Ina alwala na ji ana kiran sunana daga gonaki," in ji Yaya. "Na ɗauka gobara ce."

"Na Rabah fa?"

"Wata mata 'yar Gandi tak kawo shi. Ta iso muna cin nama, tana haki, ta ce a dakata da suna. Munka ba ta tuwo."

Ya ce da aka taru, liman ya karkato da kunnensa wurinsa kamar yadda aka saba. Kafin ya buɗe baki, mutanen da ke kan tabarmi suka haɗa baki suka ce, "Safiya!" Liman ya dubi jama'a ya ce, "To mi kunka kira ni in yi?" Sannan ya yi addu'a, aka shafa.

"Da ka gaya min tun farko," Yaya ya ce, muryarsa ta sauka. "Tsohuwar nan, uwar Luba, ta yi mana kirki. Tsaya, akwai abin da anka ba ni in kawo maka."

Ya ce ya ɗauko a wayarsa kafin ya baro gida, zai turo yanzu. Na matsa jikin motar na riƙe wayata sama. Alamar ta yi ta juyawa, ta tsaya, ta ci gaba. Sumana ya kori masu hira suka ja baya, shi ma ya bi su.

Na danna. Da farko kukan jariri ne, siriri, mai ƙarfi. Sai motsin zane. Sai muryar Luba, ƙasa-ƙasa, kamar mai jin kunyar wayar.

"Malam, muna lahiya. Saƙo ya iso." Na ji ta matso da jaririyar kusa da wayar. "Inna na gaishe ka."